Dokar Gidaje ta Amurka: Shekara 20 Ba Ta da Haƙora

Yau Amurka za mu leƙa, mu ga wane hukunci ake yi wa mai gidan da ya hana mutum haya ko sayen gida saboda launin fatarsa.

Ranar 4 ga Afrilun 1968 aka harbe Martin Luther King a Memphis, tarzoma ta ɓarke a birane sama da 100. Bayan kwana bakwai kacal, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje saboda launin fata, addini ko ƙasar asali. Ƙudurin ya daɗe yana jan ƙafa a majalisa, kisan nan ne ya hanzarta shi.

To amma fa, kafin ta wuce sai da aka cire mata haƙora. Ma'aikatar gidaje ba ta da ikon cin tarar kowa. Iyakarta ta zaunar da mai gida da mai ƙorafi, ta yi ta lallashi. In mai gida ya ce atafau, shi ke nan. Sai dai ka nufi kotu da kanka cikin kwana 180, kuma diyyar ladabtarwa da za a ɗora masa ba za ta wuce dala 1,000 ba. Wai don Allah, kamfanin da ke da ɗaruruwan gidaje, dala 1,000 ce za ta hana shi barci?

Ga kuma matsalar hujja. Ba mai gidan da zai ce maka "ba na ba baƙar fata." Cewa zai yi an riga an kama. Shi ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fito da dabara: a tura mutum biyu, baƙi da fari, su nemi gida ɗaya. A yankin Richmond na jihar Virginia an yi wa kamfanin Havens Realty haka. Baturen aka ce masa akwai, ita kuwa Sylvia Coleman aka ce mata babu. Kamfanin ya kafe cewa ai dama ba haya take nema da gaske ba, to me aka cuce ta? A 1982 Kotun Ƙoli ta ce a'a, doka ta ba ta haƙƙin a faɗa mata gaskiya, don haka tana iya kai ƙara. A ganina wannan hukunci ya fi tara da yawa amfani, don daga ranar dillali bai san wa ke gabansa ba.

Sai a 1988, zamanin Ronald Reagan, aka yi wa dokar gyara na gaske. Alƙalan ma'aikatar suka samu ikon cin tara har dala 10,000 a karon farko, 25,000 a na biyu, 50,000 ga wanda ya maida abin sana'a. Aka cire iyakar dala 1,000 ɗin, aka ƙara wa'adin zuwa kotu ya kai shekara biyu, aka kuma shigar da masu buƙata ta musamman da iyalai masu yara.

Daga baya manyan kuɗi suka shigo. A 2011 an yi sulhu kan dala miliyan 335 bisa zargin kamfanin ba da bashin gida na Countrywide da tsuga wa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka sama da 200,000 kuɗin ruwa da caji fiye da na Turawa.

Har Facebook ɗin nan namu bai tsira ba. Gwamnati ta zarge shi da cewa tsarin tallansa yana ware waɗanda za su ga tallan gidaje bisa launin fata, jinsi da sauransu. A 2022 kamfanin Meta ya amince ya biya dala 115,054, iyakar tarar da doka ta yarda a lokacin. A wurinsu wannan ko kuɗin shayi bai kai ba. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne sharaɗin sake gina tsarin tallan, kuma wani kamfani daga waje ya riƙa duba ko sun cika.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.