Ƙarin ruwa ta jijiya: mene ne shi, kuma yaushe ake yin sa?

Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne. A cikin wannan ruwa akwai gishiri iri-iri, kamar sodiyom, potasiyom da kalsiyom, waɗanda zuciya da tsoka suke aiki da su. Idan zawo, amai, ƙuna ko zubar jini suka yi tsanani, ruwan da gishirin suna fita tare. Jini ya ragu, ƙoda ta daina yin fitsari, mutum yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Ƙarin ruwa shi ne a mayar wa jiki abin da ya rasa ta hanyar jijiyar jini.

Asalinsa

A shekarar 1832, lokacin annobar kwalara a ƙasar Sikotilan, wani likita mai suna Thomas Latta ya zuba wa masu ciwon ruwan gishiri ta jijiya. A wajajen 1882, Sydney Ringer na Ingila ya gano cewa zuciya tana buƙatar potasiyom da kalsiyom kafin ta ci gaba da bugawa. A 1932, Alexis Hartmann, likitan yara a Amurka, ya ƙara wa haɗin Ringer sinadarin laktat.

Ire-irensa

1. Ruwan gishiri: giram 9 na gishiri a lita ɗaya.
2. Ringer laktat: haɗinsa ya fi kusa da ruwan jini. Shi aka fi so ga mai kwalara.
3. Ruwan sukari: giram 50 na gulukos a lita ɗaya. Babu gishiri a cikinsa, don haka shi kaɗai ba ya maganin zawo.

Wa ake ƙara wa ruwa?

Yawancin masu zawo ba su buƙatar allura. Ruwan gishiri da sukari na sha ya ishe su: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a haɗa wa yaro da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Amma a gaggauta kai majinyaci gidan likita idan idanunsa sun faɗa, ya kasa sha, ya galabaita, ko kuma an ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba. Haka aka ceci mutane da yawa a annobar kwalara ta 2018 da ta 2021 a jihar Maraɗi.

Ana auna ruwan da nauyin jiki. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, mililita 100 ne ga kowane kilo. Yaro ɗan shekara 2 mai kilo 10 zai sami lita ɗaya cikin sa'a 3. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa, a hankali ake zuba masa, cikin sa'a 6.

Abin kiyayewa

Wasu suna neman a sa musu ruwa don gajiya kawai, suna zaton abinci ne. Ba haka ba ne. Kwalbar rabin lita ta ruwan sukari giram 25 kaɗai gare ta, wajen babban cokali biyu. Kwaryar fura ta fi ta ƙosarwa.

Ruwa idan ya yi yawa yana taruwa a huhu ya hana numfashi. Haɗarin ya fi girma ga tsoho, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da yaro mai tamowa. Yaro mai tamowa ba a sa masa ruwa ta jijiya sai in ya kusa fita hayyacinsa, kuma likita yana tsaye a kansa.

Saboda haka, ƴan jinya:

Kada ku taɓa ƴar tayar da ke jikin robar don ruwan ya yi saurin ƙarewa.
Kada ku yarda a sa ruwa a gida ko a shagon magani.
Ku tabbata allura da roba sababbi ne, ruwan kwalbar kuma garau yake.
Ku kira ma'aikacin jinya nan take idan hannu ko fuska ta kumbura, numfashi ya yi nauyi, ko jiki ya kama rawa.

Da zarar majinyaci ya iya sha, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari ta baki. Uwa kuma ta ci gaba da ba jaririnta nono.