Aljanun Turawa a Littattafan Matasa: Tarihin da ke Bayan Labarin

 Ga rubutaccen shirin nan ga waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau hirar tamu a kan wani nau'in littafi ce da ya cika TikTok da kantunan littattafai a Amurka da Ingila, wato labaran matasa inda 'yan Adam ke cakuɗuwa da wasu halittu da Turawa ke kira feri, ana fafatawa da baƙin tsafi. Zan riƙa ce musu aljanun Turawa don sauƙin magana, amma ku sani ba daidai suke da aljanun da muka sani ba, kalmar ce kawai ta fi kusa. Da yawanmu mun ga irin su The Cruel Prince na Holly Black, wanda ya fito a 2018, ko A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas na 2015. To daga ina waɗannan marubuta suka samo kayan aikinsu? Amsar tana Ailan da Sikotilan, kuma akwai jini a cikinta.

A ƙauyukan Ailan na da, mutane sun yarda akwai wata al'umma da ke zaune a ƙarƙashin tuddai da tsofaffin kufai. Tsoronsu ake ji har ba a kiran sunansu kai tsaye, sai a sakaya a ce mutanen kirki, kamar yadda a wajenmu ake cewa mutanen ɓoye. An ce suna tsoron ƙarfe, an ce wanda ya ci abincinsu ba ya dawowa gida, an ce kwana ɗaya a wajensu kan zama shekaru a duniya. A Sikotilan kuma an raba su gida biyu, masu ɗan sauƙin hali da mugaye. Duk wanda ya karanta littattafan yau zai gane waɗannan ƙa'idoji, don kusan yadda suke aka kwaso su.

Akwai kuma tsohuwar waƙar baka ta Sikotilan mai suna Tam Lin, wadda aka ambace ta a rubuce tun 1549. A cikinta sarauniyar aljanu ta kama wani saurayi, kuma duk bayan shekara 7 aljanun kan ba da mutum ɗaya a matsayin fansa. Budurwarsa Janet ce ta je da tsakar dare ta fizgo shi daga kan doki, ta riƙe shi gam yana rikiɗa zuwa dabbobi masu ban tsoro har zuwa jan ƙarfe mai zafi, ba ta sake shi ba. Kun ga mace ce ta ceto namiji. Daga nan aka gaji jarumar da muke gani a littattafan yanzu, har ma sunan Tamlin da ke littafin Maas daga wannan waƙa yake.

To amma fa a wancan zamani abin ya wuce tatsuniyar dare. A 1563 Sikotilan ta kafa dokar hukunta maita, wadda ta yi aiki har 1736. A tsakanin nan an tuhumi kusan mutum 4,000, mafi yawansu mata. Ɗaya daga ciki ita ce Bessie Dunlop, mai ba da magani da taimakon masu haihuwa. A 1576 aka gurfanar da ita a Edinbura, ta ce wani mutum da ke zaune cikin aljanu ne ke koya mata magani. Kotu ta ɗauki wannan a matsayin hulɗa da Shaiɗan, aka yanke mata hukuncin kisa. Sai a ranar 8 ga Maris, 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi afuwa a hukumance kan waɗannan kashe-kashe. Ku lissafa shekarun da kanku.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wannan tarihi shi ne camfin musanya. An yarda cewa aljanu kan sace jariri ko matar aure, su bar nasu a madadinsa. Wane yaro ake zargi? Wanda bai yi tafiya da wuri ba, wanda ba ya magana, wanda ke yawan kuka ko ramewa. A 1826 a yankin Kerry na Ailan, wata tsohuwa mai suna Ann Roche ta tsoma wani yaro ɗan shekara 4, Michael Leahy, a cikin kogi har ya mutu. Yaron ba ya iya tsayuwa, ba ya magana. Ta ce aljanin take son kora. Kotu ta sallame ta.

Sai labarin Bridget Cleary a 1895, a yankin Tipperary. Shekararta 26, tela ce mai keken ɗinkinta na Singer, tana kiwon kaji tana sayar da ƙwai, wato mace mai abin hannunta, kuma ta yi shekaru da aure ba haihuwa. A watan Maris ta kwanta rashin lafiya. Mijinta Michael ya ƙudurce cewa an musanya masa mata. Da shi da wasu dangi suka danne ta, suna ɗura mata jiƙo, suna tilasta mata ta faɗi sunanta. A daren 15 ga Maris ya watsa mata man fitila, wuta ta cinye ta, 'yan uwanta suna cikin gidan. Bayan nan ya riƙa zuwa wani tudu da dare, wai yana jiran matarsa ta ainihi ta fito a kan farin doki. An tsinci gawarta a wani rami bayan mako guda. An yanke masa shekara 20, ya yi 15 aka sake shi.

Yayin da ake wannan a ƙauyuka, a birane aljanun suna ta ƙanƙancewa. Shakespeare ya riga ya mai da su abin raha a wasansa A Midsummer Night's Dream, kodayake ko a can rigimar sarki da sarauniyar aljanu a kan wani yaro da aka sato ne. Masu zane na ƙarni na 19 suka liƙa musu fukafukai irin na malam-buɗe-littafi. A 1904 J. M. Barrie ya kawo Tinker Bell a wasan Peter Pan, Disney ta mai da shi fim a 1953. A 1917 kuma wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila, Elsie Wright da Frances Griffiths, suka ɗauki hotuna wai da aljanu. Arthur Conan Doyle, marubucin Sherlock Holmes guda, ya gaskata su har ya wallafa a mujalla a 1920. Sai a 1983 suka amsa cewa zane ne suka yanka suka kafe da allurar hula. Abin da ya sa aka ƙone mace a 1895 ya koma kayan wasan yara.

Marubutan matasa na wannan ƙarni su suka dawo wa aljanun da haƙoransu. A 2002 Holly Black ta fitar da Tithe, ta ɗauko fansar shekara 7 ta Tam Lin ta dasa a jihar New Jersey ta yau. Melissa Marr ta biyo da Wicked Lovely a 2007. A 2010 Julie Kagawa ta fitar da The Iron King, inda aka musanya ƙanin jarumar, ta shiga ƙasar aljanu nemansa, ta tarar da sabon jinsi na aljanun ƙarfe da suka samu daga kwamfuta da injina.

Ga abin da nake so ku riƙe. A Tithe, jarumar Kaye, 'yar shekara 16, ita ce musanyar. Ita ke gano cewa ba 'yar Adam ba ce, kuma ta idonta muke kallon komai. A The Cruel Prince an juya abin: Jude 'yar Adam ce da aka kashe iyayenta tana shekara 7, aka raine ta a fadar aljanu inda kowa ke raina ta, makaminta shi ne tana iya ƙarya, su kuwa ba sa iyawa. Wanda a 1826 aka tsoma a kogi, wadda a 1895 aka danne ana tambayarta ko ita wace ce, yanzu shi ne mai baki a labarin. Ina ganin shi ya sa matasa ke rububinsu, don duk wanda ya taɓa jin shi bare ne a gidansu ko a makaranta zai ga kansa a ciki.

Gargaɗi ɗaya ga masu saya wa ƙannensu: jerin littattafan Maas an fara tallata su ga matasa, daga baya aka mai da su sashen manya saboda abubuwan da ke ciki. A duba kafin a miƙa wa yara.

Mu ma fa ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 1934 muna da Gandoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini cike da bokaye da aljanu. Kuma camfin musanyar ma muna da irinsa. Har yau akwai gidajen da in an haifi yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko bai zauna ba, sai a fara raɗe-raɗin ɗan ruwa ne, alhali sau da yawa lalura ce ta ƙwaƙwalwa da kan biyo bayan wahalar haihuwa ko shawara mai tsanani, wadda asibiti da gashin ƙashi ke taimakawa. Har yau akwai tsofaffin matan da ake nuna wa yatsa a ce mayu ne. Su Ann Roche ma ai sun ɗauka taimako suke yi.

Saboda haka ina da roƙo ga marubutanmu na onlayin, masu saka labari a WhatsApp da Wattpad. Mun sha karanta jarumin da ya sare kan aljani da takobi. Wa zai rubuta mana labarin da yarinyar da ake kira 'yar ruwa ita ce jaruma, mu ji abin da take ji in ana magana a kanta tana kwance? Wa zai ba tsohuwar da aka kora daga unguwa baki ta faɗi nata?

Ku faɗa min ra'ayinku, kuma in akwai wanda ya riga ya rubuta irin wannan da Hausa, ku turo min sunan littafin, zan karanta mu tattauna shi a shiri na gaba. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.