Igiyar awon dantse: yadda yaro zai koyi lissafi da ita a gida

Masu sauraro na Zermu da kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Agadas ko Libiya, yau mun kawo bayani kan ƴar igiyar nan mai launi uku da ake auna dantsen yara da ita. Da yawa cikinmu mun ɗauke ta kayan likita kawai, alhali kuwa ita ce ma'auni na farko da yaro ke gani a gida, tun kafin ya shiga lakwal.

Mece ce igiyar?

Ana auna yara daga wata 6 zuwa wata 59 da ita, a hannun hagu, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu. Ja yana nufin ƙasa da milimita 115, wato tamowa mai tsanani. Ruwan ɗorawa daga 115 ne zuwa ƙasa da 125, yaro na bakin haɗari. Kore kuwa daga 125 zuwa sama. Milimita 10 su ne santimita 1, kenan 115 daidai yake da santimita 11 da rabi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. A nan gundumar Mirya ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka gwada miƙa igiyar hannun uwaye, har aka yi babban gwaji a yankin Dogo a 2013 da 2014. Aka ga uwaye na iya awon kamar ma'aikatan sa kai, kuma suna kai yara likita da wuri. To, in uwar da ba ta yi boko ba ta iya, ɗanta mai shekara 7 ma zai iya koyon karanta lambar.

Yadda za a koya masa

A fara da abin da ya sani. A ce ya auna tabarma da taƙinsa, sannan kakansa ya auna da nasa. Lissafin ba zai zo ɗaya ba, don ƙafar kaka ta fi tasa tsawo. Nan zai gane dalilin da ya sa likita ke aiki da ma'auni guda ga kowa. Daga nan a ba shi igiyar ya auna kara, taɓarya ko wuyan kwalba, yana faɗin lambar da babbar murya.

Ranar awo a CSI a tafi da shi. Ya ga yadda ake rataya ƙaninsa a sikeli, ya ji an ce kilo 8 da giram 300, ya ga yadda ake kwantar da jariri kan allon awon tsawo. In an dawo gida, ya rubuta kwanan wata da nauyin a littafinsa. Bayan wata uku sai a tambaye shi: ƙaruwa aka samu ko raguwa, kuma giram nawa?

Akwai kuma ƙidayar bugun zuciya. Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga na daƙiƙa 15 da agogon salula, ya ninka sau 4. Ya zagaya gida a guje, ya sake ƙirgawa, ya kwatanta lambobin biyu.

Abin kiyayewa

Yaro mataimaki ne, hukunci na manya ne. Kada a ja igiyar ta matse fata, kada kuma a bar ta sako-sako. In ta nuna ja, ko an danna ƙafafun yaro na daƙiƙa 3 wurin ya lotsa bai koma ba, a kai shi CSI a ranar, ba sai gobe ba. In ruwan ɗorawa ne ma a je a nemi shawara.

Muna tunatarwa musamman daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ke yawa: a riƙa awo duk mako. Ku kuma ƴan uwa na nesa, in kun bugo waya gida, bayan gaisuwa ku ce a ba ku yaron, ku tambaye shi lamba nawa dantsen ƙaninsa ya nuna wannan makon.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.