Hana Karya Haihuwa da Ɗan Ƙaramin Yanka: Nazari a Kan Yanayin Masanawa

Tsakure

Maƙalar ta auna hanyoyin tiyatar hana karya haihuwa, ta kafa hujjar cewa a Masanawa, cikin ƙaramar hukumar Kabo, ƙwarewar hannun likita ta fi sayen na'ura amfani.

Gabatarwa

Manomin Kabo da Gwarzo ya san dandaƙa da fiɗiya. Da su bunsuru ke zama taure. Amma wannan aikin namiji ne. Mace sai an shiga cikinta, shi ya sa karyar farauta ke zubo 'yan kwikwiyo shekara bayan shekara, da yawansu su ƙare a kan juji. Lamarin bai tsaya ga dabbar ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan dukansu ta dalilin kare.

Hanyoyin tiyatar

Tsohuwar hanya ita ce a tsaga tsakiyar ciki daga ƙarƙashin cibiya, a cire mahaifa tare da ma'ajiyar ƙwai biyu. Binciken Okkens da abokan aikinsa a Utrecht, 1997, ya nuna cewa in mahaifar lafiya take, cire ma'ajiyar ƙwai kaɗai ya wadatar, domin ruɓewar mahaifa tana bin sinadaran da ma'ajiyar ke fitarwa ne.

Wannan ya share wa laparoskofi hanya. Ana huda ciki wuri biyu ko uku, kowace huda milimita 5 zuwa 10, a hura iskar kabon-dayoksaid don ciki ya ɗaga, a zura kyamara, a liƙe jijiyoyin jini da zafin lantarki. Devitt da abokansa sun ruwaito a 2005 cewa karnukan da aka yi wa aiki da taimakon kyamara sun fi samun sauƙin raɗaɗi.

Tattaunawa

Sai dai kowane mataki na laparoskofi yana jingine da wuta marar yankewa, tukunyar iska, da injin sa barci mai taimakon numfashi, tunda iskar da aka hura tana danne huhu. Wutar ta ɗauke ana tsaka da aiki, likita ya makance ke nan. Mafaraucin da zai sayar da buhun dawa don kuɗin magani kuwa ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

A ganin mai wannan nazari, yankan kwiɓi ya fi dacewa. Tsaga ce ta 'yan santimita, ana janyo ƙahon mahaifa da ƙugiyar tiyata, a ɗaure, a yanke. Ga karya mai shayarwa, yankan ya kauce wa nono. Ga wadda ke yawo sakaka, ana hango ɗinkin daga nesa ba sai an kama ta ba. Illarsa ita ce, in jini ya ɓalle, faɗaɗa ramin yana da wuya, don haka aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa. Tsangayoyin likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suna cikin wuraren wannan horo. Ranar da aka kwantar da karyar, a haɗa mata da allurar rigakafin hauka irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke sarrafawa, domin da wuya mai ita ya sake kawo ta.