Kamisori: Tarihin Askar Japan da Yadda Ake Farfaɗo da Ita

Kamisori ita ce askar gargajiya ta ƙasar Japan. Ba ta naɗewa kamar askar Turawa. Miƙaƙƙiya ce daga baki har ƙota, tsawonta bai kai taƙi ba, kuma akan naɗe ƙotar da ɓawon wata irin gora mai lanƙwasuwa don kada ta sulɓe a jiƙaƙƙen hannu. A yau akwai mutane a Japan da Turai da Amurka da ke neman tsofaffin kamisori, su cire musu tsatsa, su mayar da su bakin aiki. Tsakanin masu wannan sha'awa akwai saɓani a kan abin da ake nufi da gyara. Tarihin askar ya nuna cewa darajarta tana cikin ƙirar bakinta da aikin da take yi, don haka duk gyaran da ya ci ƙirar domin neman ƙyalli ɓarna ce, ko da ya burge ido.

Askar ta shiga Japan ne tare da addinin Buda a ƙarni na 6, ta hannun masarautar Baekje ta Koriya, kuma aikinta na farko shi ne aske kawunan masu shiga zuhudu. Daga wuraren ibada ta koma hannun mayaƙan samurai, waɗanda ke aske tsakiyar kai saboda zafin kwalkwali, su tara sauran gashin su ɗaure shi tukku. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, wannan aski ya zama na galibin maza baligai, ɗan kasuwa da mai sana'a, shagunan wanzamai suka cika birane suka zama wurin hira da jin labari, matan aure kuma suna aske gira bisa al'adar lokacin. Buƙatar ta yi yawa har garuruwa suka riƙe ƙirar aska a matsayin sana'a, kamar Ono da ke yankin Banshu, cikin jihar Hyogo ta yanzu, inda aka fara a tsakiyar ƙarni na 18. Ke nan tun ɗaruruwan shekaru kamisori kayan aiki ce ta yau da gobe, kamar askar da ke cikin zabirar wanzami, ana wasa ta da safe a yi aiki da ita har yamma.

Ƙirarta ce ta raba ta da kowace aska. Maƙerin yakan ɗauki ƙarfe mai taushi, jigane, ya ɗora masa siririn ɓallin ƙarfe mai tauri, hagane, ya haɗe su cikin wuta da guduma har su zama abu guda. Mai taurin shi ne baki, shi ke riƙe kaifi. Mai taushin shi ne gadon baya, yana hana karyewa, yana kuma saurin cinyewa a kan dutse, abin da ke rage wa mai washi wahala. Fuskokin biyu ba iri ɗaya ba ne. Fuskar ƙarfe mai tauri, ura, an kwarfe ta ta yi ɗan rami, ta yadda baki da ƙeya kaɗai ke taɓa dutse. Ɗaya fuskar, omote, ita ke gangarowa zuwa baki, kuma a kanta ake yin mafi yawan washi. Idan aka ɗaga aska mai lafiya zuwa haske, ana ganin layin da ƙarafan biyu suka haɗu, mai taurin yana sheƙi, mai taushin ya yi hazo-hazo. Ɓallin hagane ɗin siriri ne ƙwarai, kuma shi ne ran askar: ranar da ya ƙare, abin da ya rage guntun ƙarfe ne mai hatimi.

Masu talla sukan ce kamisori ƙanwar takobin samurai ce, da ƙarfe ɗaya aka yi su, don haka ta cancanci a goge ta a rataye. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Dokar 1871 ta ba da damar yanke tukku, Sarki Meiji ya yanke nasa a 1873, dokar 1876 kuma ta hana yawo da takobi, sai maƙeran takuba da dama suka koma ƙera wuƙaƙe da kayan sana'a. Kuma lalle akwai askar da aka yi da tamahagane, ƙarfen takobi da ake narkarwa daga baƙin yashi da gawayi a murhun tatara kwana uku dare da rana. Wanda ya fi suna a nan shi ne Iwasaki Kosuke na garin Sanjo a jihar Niigata, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1967. Kayan Solingen na Jamus ne suka karya kasuwancin mahaifinsa bayan yaƙin duniya na farko, shi kuwa ya yi karatun ilimin ƙarafa a jami'ar Tokyo, ya riƙa duba bakin aska da madubin ƙara girma, har ya fito da askar tamahagane a shekarun 1950. Ɗansa Shigeyoshi ya gaji maƙerar. Amma irin waɗannan kaɗan ne. Mafi yawan kamisori da ke yawo a kasuwa na ƙarni na 20 ne, an ƙera su da ƙarfen masana'anta, na Yasugi a jihar Shimane ko na Suwidin, domin wanzaman unguwa. Wannan bai rage musu komai ba, aski suke yi mai laushi, sai dai ya rushe hujjar mayar da su abin ado. Iwasaki kansa, da ya zauna rubutu don wanzamai, a kan washi ya yi shi.

Abin da ya kashe kasuwar kamisori sauƙi ne da tsabta. Kamfanin Feather, da aka kafa a garin Seki a 1932, ya yi fice da reza, daga baya ya fito da aska mai bakin da ake cirewa a yar. Da tsoron cututtukan da ke bin jini ya ƙaru, shaguna suka rungume ta, kuma babu mai hankalin da zai zarge su. Maƙera suka tsufa ba magada, ramukan duwatsun washi na arewa maso yammacin Kyoto, irin su Nakayama, aka rufe yawancinsu. Tsofaffin asake suka kwanta a akwatunan shagunan da suka mutu har intanet ta kai su gaban masu saye na ƙetare. Wasu na ganin wannan kwashe gadon wata ƙasa ne, amma abin da ake fitarwa galibi kayan da tsatsa ke ci ne a ajiya, waɗanda aka ƙera da yawan gaske.

Gyara na gari aikin haƙuri ne. Ana cire jar tsatsa da hannu, da mai da takardar gugar ƙarfe mai laushi, a bar baƙin tabon da ya daina ci, a kiyaye hatimin maƙeri. Sai a duba baki: in tsatsa ta huda shi, a wasa a hankali har a kai lafiyayyen ƙarfe, a tsaya nan. Washin ƙarshe a kan dutsen Kyoto ake yi, ana goga masa ƙananan duwatsun nagura na jihar Aichi, botan, sannan tenjo, sannan mejiro, kowanne yana ba da ruwan laka mai laushi fiye da na baya, ana yawaita shafa a omote, ura kuwa 'yan kaɗan. A goga a fata, a shafe da man itacen tsubaki. Mai gaggawa kuwa yakan kai ta injin gurza: zafi ya kashe taurin baki, hatimi ya dushe, ramin ura ya baje, ko ya wasa fuskokin daidai wa daida kamar askar Turawa, ya cinye cikin awa guda ƙarfen da zai ishi wanzami shekaru.

Hujja mafi ƙarfi da ke adawa da gyara ita ce ta masu cewa kowane washi cin ƙarfe ne, don haka a bar askar yadda aka same ta. Ga wadda ta fito daga zamanin Edo, ko wadda ba a taɓa ɗora wa dutse ba daga hannun sanannen maƙeri, maganarsu daidai ce, a shafa mai a ajiye. Sauran kuwa ajiya ba ta tsirar da su, domin tsatsa ta fi dutse saurin ci, kuma ingancin haɗin ƙarafan da taurin bakin ba ya bayyana sai a kan dutse da gemu. Sanin yadda ake wasa kamisori ma a hannun masu yi yake, in an daina ya tafi. Wanda ya sami irin wannan aska ya wasa ta gwargwadon buƙata, ya yi aski da ita shi kaɗai ba tare da ba da aro ba, kada kuma ya kusantar da ita ga inji.