Sawakin: Tashar jiragen ruwan da alhazan ƙasar Hausa suka riƙa ƙetarawa zuwa Jidda

Mutumin Kongolam, garin kan iyakar Najeriya da Nijar da ke ƙaramar hukumar Mai'adua a masarautar Daura, ya san ma'anar garin da abincinsa ke kan hanya. Idan motoci na wucewa kasuwa na ci, idan an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a watan Agustan 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sai ciniki ya tsaya cik. Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan a gaɓar Bahar Maliya, gari ne irin wannan, kuma tarihinta ya haɗu da na Hausawa.

Yadda wurin yake

Sawakin na kudu da Port Sudan. Ba mutum ne ya haƙa tasharta ba: wani siririn mashigin ruwa ne ya ratsa duwatsun murjani daga teku, ya buɗe a ciki ya zama tafki mai kwanciyar ruwa, inda jirage ke samun mafaka daga iska da igiyar ruwa. A tsakiyar tafkin akwai ɗan tsibiri kewayayye, a kansa aka gina tsohon birnin. Da dutsen murjani aka yi gidajen, wasu hawa biyu wasu uku, masu tagogin katako da aka sassaƙa irin na tsohuwar Jidda.

Tarihinta a taƙaice

Ibn Battuta ya yada zango a Sawakin a ƙarni na 14. Bayan Turkawan Daular Usmaniyya sun ci Masar a 1517 garin ya shiga hannunsu, sannan aka miƙa shi ga Masar a 1865. A shekarun 1880, lokacin yaƙin Mahadi, dakarun Usman Digna sun yi ta kewaye shi ba tare da sun karɓe shi daga sojojin Masar da na Ingila ba.

Abin da yaƙi ya kasa yi, shawarar hukuma ta yi shi. Mashigin Sawakin ya yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, don haka Turawan mulki suka fara gina Port Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa da ma'aikata suka bi jirage zuwa sabuwar tashar, gidajen murjani kuwa, da aka daina yi musu yaɓe da gyara, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Alaƙarta da Hausawa

Kafin jirgin sama ya zama hanyar aikin hajji, maniyyata daga Kano da Katsina da Daura kan nausa gabas ta Borno da Chadi, su ratsa Darfur da Kordofan, wasu a ƙasa wasu a kan jakai, daga baya kuma a manyan motoci. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin mutum kan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri. Sawakin ce zangon ƙarshe a nahiyar Afirka. Ko bayan an mayar da harkar kaya Port Sudan, a nan ake killace alhazai don duba lafiyarsu kafin su hau jirgi zuwa Jidda.

Da yawa ba su komo gida ba. Su da waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile, suna cikin tushen Hausawan Sudan na yau. Batun matsayinsu bai mutu ba: rikicin ƙasa da sarauta na jihar Blue Nile a watan Yulin 2022 ya sa Hausawa zanga-zanga a garuruwa da dama, ciki har da Kassala da Port Sudan.

Abin da baƙo zai gani

Wata gajeriyar hanya da aka cike ruwa aka yi ce ke haɗa tsibirin da tudu. Daga ƙofar shiga, galibin abin da ido zai gani kufai ne, sai masallatan Hanafi da Shafi'i da ginin kwastan, waɗanda hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara. Kusa da nan akwai tashar Usman Digna, inda jiragen fasinja da na dabbobi ke tashi zuwa Saudiyya. Sai dai tun 15 ga Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi tsakanin sojoji da dakarun RSF, kuma a watan Mayun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa sun kai har Port Sudan, don haka ziyara a yanzu na da hatsari.

Dalilin da har yau ake rububinta

A watan Disambar 2017 Shugaba Recep Tayyip Erdogan ya ziyarci tsibirin, Umar al-Bashir kuma ya amince a bai wa Turkiyya shi domin ta sake gina shi. Lamarin ya tayar da hankalin Masar da Saudiyya, waɗanda suka yi zargin sansanin soja ake shirin kafawa daura da Jidda. Faɗuwar al-Bashir a watan Afrilun 2019 ta jefa yarjejeniyar cikin rashin tabbas.

Ga masu bibiyar layin dogon Kano zuwa Maradi, wanda aka tsara zai bi ta Daura da Katsina ya fita ta Jibiya, tarihin Sawakin na da amfani wajen tambayar waɗanne garuruwan kan iyaka ne kaya za su ci gaba da bi ta cikinsu, kuma wane tanadi aka yi wa sauran, irin su Kongolam.