Kai da Gurbi: Nazarin Yankin Suna da Ganga Dogarau a Nahawun Ingilishi

Yawancin nauyin jimlar Ingilishi a kan yankin suna yake, musamman a rubutun ilimi da na shari'a. Yankin kan zo da kalma ɗaya tak, yakan kuma miƙe ya cinye layi uku. Wanda bai iya kwance shi ba zai karanta kowace kalma daidai, ma'anar kuma ta kuɓuce masa.

Littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka wallafa a 1985 ya kasa yankin gida huɗu: mafayyaci, da kalmomin da ke siffanta suna kafin a ambace shi, da kai, sai masu siffanta shi daga baya. Mu duba wannan jimla: "The small box of old letters that my aunt kept is missing." Kan yankin shi ne "box". Shi ya sa aikatau ya zo da "is", duk da cewa jam'in "letters" ya fi kusa da shi. Ɗalibai da yawa sukan bi wannan jam'in su rubuta "are". Matakin farko ke nan: a nemo kai kafin komai.

Mataki na biyu ya shafi ganga dogarau, wato "that my aunt kept". Aikatau "kept" yana buƙatar karɓau, amma babu kome a bayansa. Wannan gurbin da aka bari shi ne ruhin ginin, domin sunan da gangar ta jingina da shi ne ke cike shi a zuciyar mai karatu. A nan ma akwai harshen damo: akwatin gwaggo ta adana, ko wasiƙun? Nahawu ya yarda da duka biyun, mahalli ne kaɗai ke raba gardama.

Matsayin gurbin ne ke yanke abin da ya halatta. Idan na karɓau ne, ana iya zubar da "that", a ce "the book I bought". Idan na aikau ne, daidaitaccen Ingilishi bai yarda ba. A 1977 Edward Keenan da Bernard Comrie sun kwatanta harsuna da dama, suka nuna cewa gina irin wannan ganga ya fi sauƙi a kan aikau, sannan karɓau, ya ƙara tsauri a kan sunan da ya biyo harafi da kuma na mallaka. A waɗannan matsayai masu tsauri harsuna da yawa sukan cike gurbin da wakilin suna. Hausa na cikinsu: muna cewa "mutumin da na yi magana da shi", da "matar da ɗanta ya zo". Ingilishi kuwa sai ya ce "the man I spoke to" da "the woman whose son came". Don haka idan ɗalibi Bahaushe ya rubuta "the man I spoke to him", ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ƙa'idar harshensa ya bi. Malamin da ya gane haka zai nuna masa gurbin, ba jan biro kawai zai zuba masa ba.

Sai batun waƙafi. "My brother who lives in Leeds" na tantance ɗan'uwa ɗaya daga cikin wasu. Idan aka killace gangar da waƙafi, ƙarin bayani ne kurum a kan wanda aka riga aka sani. A 1926 H. W. Fowler ya ba da shawarar a keɓe "that" ga ganga mai tantancewa, "which" ga mai ƙarin bayani. Editocin Amurka sun riƙe shawarar kamar doka, amma Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a nahawunsu na 2002, sun nuna cewa ƙwararrun marubuta sun daɗe suna amfani da "which" a duka biyun.

Saboda haka ya kamata darasin ganga dogarau ya fara da tambayoyi uku, ba da haddar jerin kalmomi ba: ina kai, ina gurbi, kuma gangar tantancewa take yi ko ƙarin bayani? Ɗalibin da ya saba amsa su zai iya warware doguwar jimlar da ke cikin takardar yarjejeniya ko littafin kimiyya da kansa.